SUTURAR DA TA DACE DA JARIRI DA RANA



Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya azurta mu da 'ya'ya, Ya sanya su amana a hannunmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi aikin da kowace mai goyo take yi kullum safiya, wato sanya wa jariri kaya. Wata za ta ce, to wannan ma har sai an yi darasi a kansa? E, sai an yi. Jariri ba shi da bakin da zai ce "zafi nake ji" ko "sanyi ya dame ni". Abin da kika sa masa da shi zai wuni, ko ya dace ko bai dace ba. A cikin Suratun Nahli, aya ta 81, Allah Ya ambaci tufafin da ke kare mu daga zafi a jerin ni'imominSa, a aya ta 5 kuma Ya ambaci abin ɗumama jiki da muke samu daga dabbobi. Kin ga ke nan aikin tufa na farko shi ne kariya, ado yana biyowa baya.

Abin da nake so mu riƙe daga wannan darasi guda ɗaya ne: yanayin da ake ciki shi ke zaɓa wa jariri kaya. Kuma a nan ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi yanayin yakan juya sau biyu ko uku a wuni ɗaya, don haka kayan ma dole su riƙa juyawa tare da shi.

JIKIN JARIRI BA IRIN NAMU BA NE

Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Mu manya idan sanyi ya kama mu jikinmu yakan yi kyarma ya samar da ɗumi, idan zafi ne kuma sai gumi ya sanyaya mu. Sabon jariri bai iya kyarmar ba tukuna, gumin ma bai gama ƙwarewa da shi ba. Ga kansa babba ne idan aka gwada da gangar jikinsa, ga fatarsa ba kauri. Shi ya sa yake saurin yin sanyi, kuma yake saurin ɗaukar zafi.

Haɗarin farko duk mun san shi, tun kakanninmu suke gargaɗi a kansa. Na biyun ne ba mu cika kula da shi ba. Jaririn da aka naɗe da kaya masu kauri cikin zafi yakan yi ƙurajen zafi a wuya da hammata da matse-matsi, ya yi ta kuka, ya ƙi kama nono da kyau, ruwan jikinsa ya ragu. Likitocin yara kuma sun lissafa yawan lulluɓe jariri da rufe masa kai da fuska lokacin barci cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya ta jarirai. Allah Ya kiyaye mu.

ƘA'IDAR DA ZA KI RIƘE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a sa wa sabon jariri kaya daidai da yanayin wurin, wato a ƙara masa riga ɗaya ko biyu a kan abin da babba yake sanye da shi, tare da hula. Wannan ya fi shafar kwanakin farko na haihuwa. Idan yaro ya yi 'yan makonni ya fara ƙwari, ƙarin riga ɗaya marar nauyi ya wadatar, a tsakiyar zafin bazara kuwa ba ya buƙatar ƙarin komai.

Saboda haka ki fara duba jikinki. Idan ke kina zaune da ɗaurin ƙirji kina fifita, gumi na zuba, yaya za a yi ɗanki ya kasance cikin rigar ulu da safa da hula da shawul? Haba 'yar uwa!

Sannan ki duba jikinsa. Ki sa bayan hannunki a ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Idan akwai ɗumi kuma a bushe, kaya sun yi daidai. Idan da gumi, ko gashinsa ya jiƙe, ki rage. Idan kin ji sanyi, ki ƙara, ki rungume shi a jikinki. Tafin hannu kaɗai ba ma'auni ba ne, don yakan ɗan fi sauran jiki sanyi. Amma sabon haihuwa idan ƙafafunsa suka yi sanyi ƙalau, ki sa masa safa, ki ɗora shi a ƙirjinki har ya ɗumama.

Bakwaini da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba suna da nasu hukuncin. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne a sa musu nafkin da hula da safa kawai, a kwantar da su a tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane. Ana kiran wannan goyon kangaru. An fara shi a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi da zarar an haifi irin waɗannan jarirai. Ma'aikatan asibiti za su nuna miki yadda ake ɗaurin.

WANE YADI YA FI?

Amsar tana gonakinmu: auduga. Tun zamanin Turawa aka san Funtuwa da Malumfashi da noman auduga da injinan gurzarta. Kamfanin Turawan Ingila mai suna BCGA, wanda aka kafa a 1902, shi ya bar mana sunan unguwar Bisije a Funtuwa, ga kuma masaƙa da aka kafa a garin daga baya. Abin mamaki, mu da iyayenmu suka noma auduga aka yi ta lodinta a jirgin ƙasa, yau mu ne muke sa wa jariranmu yadin leda mai ƙyalli don an ce shi ake yayi.

Yadin auduga yana shan gumi, iska tana ratsa shi, yana ƙara laushi in ana wanke shi. Yadin leda kuwa gumi yake riƙewa a kan fata. Kuma duk da cewa kowane yadi yana kama wuta, na leda narkewa yake yi ya manne a jiki, ga shi yawancinmu da goyo muke tsugunawa gaban murhu.

Ga hanya biyu ta gane auduga. Ki ɗiga ruwa a kan yadin: auduga za ta shanye nan take, leda kuwa ruwan zai tsaya ko ya gangare. Ko ki zare zare ɗaya daga bakin yadin ki ƙona shi nesa da yara: na auduga zai yi ƙaurin takarda ya zama toka mai laushi, na leda zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Ki sani ko atamfa ba kowace ce auduga zalla ba, musamman masu araha.

Ba sai mai kuɗi ba. Tsohon zanenki na auduga da ya sha wanki, in kika kai wa tela ya fitar miki da 'yan riguna uku ko huɗu masu faɗin wuya, wallahi sun fi wa yaro daɗi a kan kayan kanti masu tsada. Kayan gwanjo ma ba laifi, muddin an wanke su tas, an shanya a rana, an goge.

Wajen ɗinki kuma ki guji waɗannan:

1. Maɓallai ƙanana da duwatsun ado da yaro zai iya cirewa ya haɗiye.
2. Igiya ko zare a wuya, ko na riga ne ko na hula ko wani abin ratayawa, don yana iya shaƙe shi.
3. Roba mai matse ciki ko cinya. In kin ga ta bar shaida a fata, ta yi masa kaɗan.
4. Leshi da shadda mai sitaci a kan fata kai tsaye. In ranar suna ce ko Sallah, a sa masa singileti na auduga a ciki, in an gama ganin baƙi a cire masa ya huta.

KOWANE LOKACI DA KAYANSA

Bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a yankinmu yakan haura digiri 35, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi. Zafin ma ƙaruwa yake yi: a watan Afrilun 2024, cikin azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan Arewa mun ɗanɗana namu rabon. A irin wannan lokaci singileti ɗaya da nafkin sun ishi jariri a cikin gida. Ba hula, ba safa, ba shawul. Ki shimfiɗa masa zanen auduga a inda iska ke shiga, kada ki kwantar da shi a kan ledar katifa tsirara. Wanda bai kai wata shida ba kada rana ta riƙa dukansa kai tsaye. Kuma kada zafi ya sa ki ba shi ruwa kafin wata shida. Nono ya ishe shi, ki dai yawaita ba shi, ke kuma ki yawaita shan ruwa.

Damina. Da hantsi ana zafi mai gumi, da la'asar hadari ya taso iska ta yi sanyi. Ki sa masa riga marar nauyi, ki ajiye ta biyu mai dogon hannu kusa. Duk rigar da ta jiƙe, da ruwan sama ne ko gumi ko tumbuɗi, a cire ta nan take, don jiƙaƙƙen kaya yana janye ɗumin jiki. Ko barcin rana zai yi, a sa shi cikin gidan sauro, da yamma kuma a sa masa dogon wando da riga mai hannu.

Kaka. Wannan lokacin aiki ne a wajenmu, daga Bakori da Ɗanja har Dandume da Faskari: ga roron wake, ga cirar auduga, ga casar masara da dawa. Ƙura da ƙaiƙayi suna shiga kayan yaro su sa shi ƙaiƙayin jiki da tari. In da mai riƙe miki shi, ki bar shi nesa da wurin sussuka. In babu, a sa masa riga mai rufe hannu da ƙafa amma marar kauri, a zaunar da shi a inuwa ta ɓangaren da iska ba ta kai ƙura, in an dawo gida a sauya masa kaya.

Hunturu. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin azahar rana ta buɗe. A nan ne aka fi yin kuskure: a naɗe yaro da asuba, a bar shi haka har la'asar. Dabarar ita ce a sa masa kaya hawa-hawa: singileti, sai riga mai dogon hannu, sai rigar sanyi, da hula da safa. Rana na ɗagawa kina cire na sama ɗaya bayan ɗaya, da yamma ki mayar. Riguna uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don ita mai kaurin ba ta raguwa. A jinkirta wankansa sai hantsi, a shafa masa mai saboda bushewar fata. Kada kuma a rufe ɗaki da garwashin gawayi don a ɗumama shi, gawayi yana fitar da iska mai guba da ba a gani, ba a jin warinta.

GOYO DA HIJABI

Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu masu zuwa Islamiyya da asibiti da gidajen biki da goyo. Ki lissafa abin da ke kan yaron da aka goya: kayan jikinsa, zanen goyo, majanyi, ga ɗumin bayan uwa, sannan a saukar da dogon hijabi a kansa. Hawa biyar ke nan. Sau da yawa a aji in ɗaliba ta sauke goyo, sai ka ga yaro ya jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga ruwa, alhali ita ba ta sani ba, don ba ta ganinsa.

Ba wanda ya ce ki bar hijabinki. Abin da za ki yi shi ne ki ɗauki bayanki da hijabin a matsayin riguna biyu, ki rage na jikinsa. In za ki fita da rana, singileti da nafkin sun isa. Ki zaɓi hijabi marar kauri don ranakun goyo. Ki tabbata hancinsa da bakinsa ba su nutse a bayanki ba, kansa yana juye gefe, iska na samunsa. In kin isa cikin mata ki yaye hijabin daga kansa ko ki sauke shi. In tafiyar mota ce, kamar daga Malumfashi zuwa Funtuwa ko Zariya, ki kwance shi ki riƙe a hannu inda kike ganin fuskarsa.

NAFKIN DA CIBIYA

Ko na yadi kike amfani da shi ko na kanti da ake yarwa, dokar ɗaya ce: kada ya daɗe a jiƙe. Tsadar na kanti takan sa wasu su bar guda ɗaya tun safe har dare, daga nan sai gaban yaro ya yi ja ya saɓule. Da haka gara ki yi amfani da na yadi a gida, ki bar na kanti don fita. Wandon roba da ake ɗorawa a kan na yadi shi ma yana riƙe zafi, kada ya wuni da shi. Kullum ki ba shi ɗan lokaci ba nafkin, ya sha iska a kan zane.

Kafin cibiya ta faɗi, a naɗe bakin nafkin ƙasa da ita don kada fitsari ya taɓa ta, kuma kada a ɗaure ta da ƙyalle. Ba a sa mata komai sai maganin shafawa na kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti, shi ma a kiyaye kada ya kusanci ido.

WANKI DA AJIYA

Sabon kaya a wanke kafin a sa. A yi amfani da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai. A shanya a kan igiya cikin rana, kada a shimfiɗa a ƙasa ko a kan ciyawa, domin akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan tufafi masu laima, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan. Kayan da maigida ya yi feshi da su a gona kada a haɗa su da na yara a wanki, kada kuma a ajiye kayan jariri a ɗakin da aka sa wa hatsi magani.

Sai babban gargaɗi: kafur. Mun saba jefa shi cikin akwatin kayan haihuwa saboda kyankyaso da ƙamshi. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ba a gane su da ido. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur ko ya sa kayan da suka kwana cikinsa, ƙwayoyin jininsa suna iya fashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka a raba kayan jariri da kafur kwata-kwata, haka ma hoda da man shafawa masu sanyin mantoleta. Turaren wuta ma a bar shi a kayan manya, hayaƙi ba ya yi wa ƙirjin jariri kyau.

TSARKIN TUFAFIN UWA

Ana yawan tambaya game da fitsarin jariri. A mazhabarmu ta Malikiyya najasa ne, na namiji da na mace, wanke shi ake yi. Malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin yayyafa ruwa ya isar a fitsarin namijin da bai fara cin abinci ba, saboda hadisin Ummu Ƙaisin 'yar Mihsan da ke cikin Buhari da Muslim. Sannan Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya kawo sauƙi ga mai shayarwa: an yi mata rangwame a kan abin da ya taɓa tufarta matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, kuma an so ta keɓe tufa ta musamman don salla. Saboda haka kada tsoron najasa ya sa ki ƙunshe yaro cikin roba wuni guda. Ki ware zanen salla da hijabinsa, shi ke nan.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

In kin rage ko kin ƙara kaya, bayan ɗan lokaci jikin bai daidaita ba, to maganar ta wuce ta tufa. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, in an ga ɗayan waɗannan:

1. Zafin jikin sabon jariri ya wuce digiri 37.5, ko ya sauka ƙasa da 35.5.
2. Ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi.
3. Numfashi da sauri: sau 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata biyu ba, sau 50 ko fiye daga wata biyu zuwa shekara, ko haƙarƙarinsa na lotsawa.
4. Idonsa ko tafin hannu da ƙafa sun yi rawaya. Shanya shi a rana ba ya maganin wannan.
5. Maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ragu, ko yana jijjiga.

MAGANA DA IYAYE DA MAIGIDA

Na san wata za ta ce, Malama, ni fa ba ni da ta cewa, in na cire masa hula Inna za ta yi faɗa. Gaskiya ne, kuma ƙauna ce ta sa suke yi. Kada ki yi musu gardama. Ki kai mata shi cikin ladabi ki ce, "Inna, taɓa ƙeyarsa ki ji, ko in rage masa ɗaya?" In hannunta ya ji gumin, da kanta za ta ce a cire. In za ki asibiti ki roƙe ta ta raka ki, ta ji daga bakin ma'aikata.

Shi kuma maigida, tufatar da yaro yana cikin haƙƙin da ke wuyansa, har ma Suratul Baƙara aya ta 233 ta ɗora masa ci da suturar mai shayarwa gwargwadon hali. Ki taimaka masa da lissafi. Maimakon saiti ɗaya mai tsada da yaro zai fi ƙarfinsa cikin wata biyu, a sayi singileti shida, riguna masu hannu huɗu, rigar sanyi biyu, hula da safa bibbiyu, da nafkin na yadi masu yawa. Masu kawo kayan barka ma, don Allah mu riƙa kai abin da za a mora.

TAMBAYOYIN BITA

1. A wane wuri na jikin jariri ake taɓawa don a gane ko kaya sun yi masa yawa?
2. Me ya sa riguna uku marasa kauri suka fi ɗaya mai kauri da hunturu?
3. Wace illa kafur yake iya yi wa jariri?
4. Wane sauƙi Malikiyya suka yi wa mai shayarwa game da tufarta?

A tattauna waɗannan a zaman unguwa, wadda ta karanta ta sanar da wadda ba ta samu ba, musamman masu haihuwar fari.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya ba su lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Abin da ya yi daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.